Daga Garejin Kamra Zuwa JF-17 Rukuni na Uku

Mai girma shugaban wannan zama, malamanmu, hafsoshin da ke tare da mu, ɗalibai, 'yan uwa maza da mata.

An nemi in yi magana a kan yadda ƙasa kan ɗauki jirgin yaƙin da ake ƙerawa a cikinta ta sake inganta shi, ta fito da sabon samfurinsa. Na zaɓi jirgin JF-17 Thunder na Pakistan saboda ba baƙo ba ne a wurinmu. A watan Mayun 2021 Rundunar Sojin Saman Nijeriya ta shigar da guda uku cikin aiki a Makurɗi, 'yan rukuni na biyu, wanda masu shi ke kira Block II. A lokacin da muke bikin karɓarsu, rukuni na uku ya riga ya yi fiye da shekara yana gwajin tashi. Abin da nake son in nuna muku shi ne, ranar da aka tashi canza wa jirgi ido da ƙwaƙwalwa, ranar ake sanin mai shi na gaskiya: wa ke da ikon kwance shi, wa kuma sai ya nemi izini.

Tushen labarin takaici ne. A watan Oktoban 1990 Amurka ta yi aiki da dokar Pressler ta tsayar da ba Pakistan makamai saboda shirinta na nukiliya. Jirage ƙirar F-16 guda 28 da aka ƙera mata, kuɗinsu ma ta biya, aka kai su hamadar Arizona aka ajiye. Sai a ƙarshen 1998 aka sasanta maganar mayar da kuɗin, wani kaso ma da alkama da wasu kayayyaki aka biya. Duk hafsan da ya ga wannan da idonsa ba sai an karanta masa cewa guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni ba. Ita ma ƙasar Sin tana da nata ciwon: aikin da take yi da kamfanin Grumman na Amurka don sabunta jirginta F-7 ya wargaje bayan abin da ya faru a dandalin Tiananmen a 1989. Masu ciwo iri ɗaya suka haɗu, a 1999 suka sa hannu a kwangilar ƙera jirgi tare. Samfurin farko ya tashi a Chengdu a watan Agustan 2003. Guda biyu suka iso Pakistan a watan Maris na 2007, a watan Nuwamban 2009 kuma aka miƙa wa rundunar saman Pakistan na farko da aka harhaɗa a gida.

Gidan da ake nufi shi ne Kamra, wani gari a gundumar Attock, tsakanin Islamabad da Peshawar. Ɗalibai, a nan nake son ku kasa kunne, domin Kamra ba ta fara da ƙira ba. A shekarun 1970 aka kafa ta don yi wa jiragen F-6 na Sin garambawul, a kwance su kaf, a duba kowane ƙarfe, a mayar. Aka ƙara sashen jiragen Mirage na Faransa. Aka karɓi lasisin wani ɗan ƙaramin jirgin koyo na kamfanin Saab na Suwidin aka riƙa ƙera shi da sunan Mushshak. A 1990 suka sayi tsofaffin Mirage guda 50 daga Ostareliya, suka sabunta wa da yawa daga cikinsu na'urori a ƙarƙashin shirin da suka kira ROSE. Kafin a zo ga JF-17, Kamra ta tara mutanen da suka yi shekara ashirin ko talatin hannunsu cikin baƙin mai, sun san inda fiffike ke fara tsagewa da inda waya ke cinyewa. Ƙasa ba ta sayen irin waɗannan mutane a kasuwa.

Rabon aikin shi ne kashi 58 cikin 100 na gangar jikin jirgin a Pakistan, har da fukafukai, sauran kashi 42 a Sin, harhaɗawar ƙarshe kuma a Kamra. Dabarar da suka bi, wadda a ganina ita ce hikimar shirin gaba ɗaya, ita ce ba su jira cikakken jirgi ba. Rukuni na farko, guda 50, ya fita da abin da ya samu, aka gama shi a ƙarshen 2013. Rukuni na biyu ya zo da bututun shan mai a sararin sama, da ingantattun na'urorin sadarwa da na rikita radar abokin gaba. A 2017 mai kujera biyu ya tashi. Rukuni na uku ya yi tashinsa na farko a watan Disamban 2019, ya fara shiga aiki a 2023. Duk tsawon wannan lokaci matuƙa suna tashi, masu gyara suna rubuta ƙorafi, ƙorafin yana komawa teburin masu zane.

To, me aka canza a rukuni na uku? In kun ga hotonsa kusa da na biyu, da wuya ku bambance su. Canjin yana ciki, kuma babbansa rada ce. Tsohuwar, KLJ-7, faranti ce a cikin hancin jirgi wadda inji ke juyawa dama da hagu tana lalube. Sabuwar, KLJ-7A, wadda wata cibiyar bincike a Nanjing ta ƙera, ba ta dogara ga wannan kai-kawo ba. Fuskarta cike take da ɗaruruwan ƙananan na'urori, kowace tana aika nata saƙon tana sauraren amsarsa, kwamfuta ce ke karkata hasken duk inda take so cikin ƙiftawar ido. Tana iya bin jirage da yawa lokaci guda, tana sauya zangon da take aiki a kai da saurin da zai wahalar da mai son toshe ta, kuma in wasu daga cikin ƙananan na'urorin suka mutu, saura su ci gaba.

Sai dai ba a ɗauko irin wannan rada a ɗaure a hanci a tafi. Duk wanda ya taɓa sa wa tsohuwar mota na'urar sanyaya ya san abin da ke biyo baya: batir ya kasa, lagireto ya fara tafasa, aikin da aka ce na yini ɗaya ne ya cinye mako. Sabuwar rada tana shan wuta fiye da tsohuwa, saboda haka a sake duba abin da ke samar da lantarki a jirgin. Wutar da ta sha zafi take komawa, zafin kuma dole a fitar da shi daga wuri matsattse, ga jirgi yana aiki a ƙasar da rani ke gasa kwalta. Nauyin hanci ya canza, ma'aunin jirgin gaba da baya ya gusa, kuma jirgin yaƙi ba ya yafe wannan. Murfin hancin kansa sai an tabbatar saƙon sabuwar rada na ratsa shi ba tare da ya karkace ba. Bayanan da ke kwararowa sun ninka, sai a sauya kwamfutar da ke tace su da allon da ke nuna wa matuƙi. Shi ya sa rukuni na uku ya zo da faffaɗan gilashin bayanai a gaban matuƙi, da hular kwano mai nuna masa bayanai a kan idonsa, yadda zai dubi abokin gaba a gefe makami mai linzami ya bi inda ya duba. Aka ƙara na'urorin da ke gargaɗinsa in an harbo shi. Aka kuma mayar da sarrafa jirgin kacokan hannun kwamfuta. A rukunan baya, ɗaga hanci da sauke shi kawai take riƙe da shi sosai. Kowane ɗaya daga waɗannan sai an gwada shi a ƙasa, a gwada a sama, a gwada shi tare da 'yan uwansa, domin na'urori biyu masu lafiya suna iya haɗuwa su rikita juna.

Duk wannan wahala don makami guda ake yin rabinta. PL-15E, mai linzamin da Sinawa ke tallata cewa yana kai kilomita 145, ba shi da amfani a jikin jirgin da idonsa bai kai can ba.

Yanzu bari mu faɗi gaskiyar da masu talla ba su cika so ba. Rukuni na uku a Chengdu ya fara tashi, ba a Kamra ba. Radar ta Nanjing ce, makaman na Sin ne, asalin zanen na injiniyoyin Chengdu ne. Wanda ya ce wannan jirgin Pakistan ne tsantsa ya yi ƙari. Amma wanda ya ce fenti kawai suka shafa shi ma ya rage musu haƙƙi. Rundunar saman Sin ba ta taɓa ɗaukar jirgin cikin aikinta ba, saboda haka hafsoshin Pakistan ne ke cewa ga abin da muke so a rukuni na gaba, kuma suna da bakin sa abin da ba na Sin ba, kamar na'urar saiton hari ta kamfanin Aselsan na Turkiyya da suka ɗaura masa. Mai F-16 ba ya yin haka sai Amurka ta yarda.

Inda igiyar ta rage a hannun wani shi ne inji. JF-17 da injin Rasha yake tashi, RD-93, ɗan gidan injin MiG-29, kuma an san shi da baƙin hayaƙi. Ƙasashen da ke iya ƙera injin jirgin yaƙi daga tushe ba su da yawa, domin ruwan farfelar da ke cikinsa yana aiki a zafin da ya wuce inda ƙarfensa ke narkewa, sai da dabarun sanyaya shi da sirrin haɗa ƙarfe da ba a koyar da su a aji. Indiya, wadda ta fi Pakistan kuɗi da masana, ta sha wannan ɗaci har sau biyu. Jirginta Marut, wanda Bajamushe Kurt Tank ya zana ya tashi a 1961, bai taɓa kai gudun da aka zana shi dominsa ba saboda rashin injin da ya dace. Shirin Tejas kuma an fara shi a 1983, ya tashi a watan Janairun 2001, bai kafa runduna ba sai a 2016. Injin gida da aka yi masa tanadi, Kaveri, an raba shi da shirin a 2008 aka koma ga F404 na kamfanin GE na Amurka. Da aka zo ingantaccen samfurinsa, Mk1A, an sa hannu a kan guda 83 a 2021, na farko ya tashi a watan Maris na 2024, sai injuna suka makara; na farko daga sabuwar kwangilar bai iso ba sai a watan Maris na 2025. Indiya ta fi riƙe zanen jirginta a hannu, wannan ba a ja, amma ta biya da shekaru.

Ba inji kaɗai ba ma. Kujerar da ke cilla matuƙi waje in jirgi zai faɗi, a JF-17 na Pakistan ta kamfanin Martin-Baker ce na Birtaniya, kamar yadda take a jirage da yawa na duniya. Birtaniya kuwa ba ta yarda kayanta su shiga hannun sojin Ajantina tun yaƙin Falkland na 1982, kuma da wannan ta hana Koriya ta Kudu sayar wa Ajantina jirgin FA-50 a 2020. Ajantina ta duba JF-17, a ƙarshe a 2024 ta sayi F-16 na hannu guda 24 daga Denmak. Azarbaijan ce ta karɓi rukuni na uku, aka sanar da cinikin a 2024.

Ranka ya daɗe shugaba, ka ba ni minti biyu in dawo gida. Jirage uku ba runduna ba ce, amma suna buƙatar kusan duk abin da runduna ke buƙata: na'urorin gwaji, rumbun kayan gyara, ƙwararrun masu gyara da aka tura horo. Mun san ƙarshen jiragen Jaguar da aka sayo a shekarun 1980, waɗanda ba su daɗe suna tashi ba aka ajiye su. Tambayar da ta kamata a yi a kan teburin kowace kwangila ita ce, wane mataki na garambawul za a yi a nan, kuma su waye yaranmu da za su tsaya a kai.

Mun taɓa hawa matakin farko. A Kaduna, kamfanin AIEP ya harhaɗa ƙananan jiragen koyo guda 60 masu suna Air Beetle, bisa zanen RV-6A na Amurka, sojin sama suka yi shekaru suna horar da matuƙa da su. Kusan irin matsayin da Kamra take kai ke nan da Mushshak ɗinta na zanen Suwidin. Su sai suka ɗauki nasu suka sa masa inji mai ƙarfin doki 260 a madadin 200, suka ƙara na'urar sanyaya, daga baya suka sabunta allon matuƙi, suka kira shi Super Mushshak. Namu bai samu magaji ba. Da Air Beetle ta tsufa, a 2016 Nijeriya ta sa hannu ta sayi Super Mushshak guda 10 daga Kamra, aka kawo su makarantar koyon tuƙi ta sojin sama a Kaduna, garin da aka harhaɗa wadda suka gada.

Na ga hannaye sun fara tashi, shugaba, lokacin tambayoyi naka ne.