SUNAYEN GINI DA NA TAKARDAR FILI
Jawabin da wani malamin lakkol ya yi wa taron reshe, ran kasuwa da la'asar



Ni ba magini ba ne, ban kuwa gaji gini ba. Aikina koya wa yara karatu. Amma da ya ke an san ina karanta Faransanci, da wuya kasuwa ta ci ta watse wani bai sallama mini da takarda a ninke cikin aljihu ba, ya ce, "Mushe, duba mini wannan." Yawancinsu takardun fili ne, ko lissafin kayan gini. Abin da na gani a cikinsu shi ya sa na roƙi shugaban reshe ya ba ni wannan dama. Ba wauta ke sa mutanenmu hasarar filaye da kuɗi ba. Ana kiran abu da sunan da ba su sani ba ne, su kuwa su ji kunyar tambaya.

A gidanmu ma an yi. Kawuna ya sayar da bijimai biyu, ya sayi fili a bakin gari ta hannun wani dillali. Aka ba shi takarda mai hatimi, da sa hannun shaidu biyu. Ya ja katanga, ya gina ɗaki biyu. Bayan damina biyu sai ga mai awo da taswira, ya ce wurin nan hanya ce. Da na karanta takardar, babu lambar ilo, babu lambar parsel. Da kawu ya san kalmomin nan biyu, da bijimansa na nan ɗaure. To, zan kasa maganata kashi uku.

NA FARKO: SUNAYEN DA MU KA GADA

Kada wani ya ce muku Bahaushe ba shi da kalmomin gini sai da Nasara ya zo. Magini ya kan ɗebo ƙasa daga kududdufi, a cuɗa ta da ruwa da ciyawa, a bar ta ta kwana. Da ita a ke mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya. A haƙa harsashi, a jera tubali, a bi da yaɓe. Bango ya kan fi kauri a ƙasa, ya riƙa sirancewa har sama, don nauyinsa ya zauna bisa gindinsa.

Rufin soro da azara a ke yi, watau giginya tsagaggiya, wadda gara ba ta iya ci. Azara ba ta ɗaukar nauyi in tazara ta yi faɗi. Saboda haka magina su ka ƙago bakan gizo, su ɗaura azara bisa azara, su lanƙwasa, su yaɓe, har a sami zaure mai faɗi ba ginshiƙi a tsakiya. In bakuna sun gitta juna a tsakiyar rufi, shi ne daurin guga. Indararo ke zubar da ruwan soro nesa da gindin bango. Zanko shi ne ƙahon da ke tsaye bisa kusurwa. Makuba, daga ɓawon ɗorawa, da ita a ke shafe bango don ruwa ya zame. Laso kuwa da katsin marina a ke haɗa shi, da gashin majema, da dafara. Ku duba, marini da majemi da magini duk suna cin abinci a bango guda. Sarkin Magina kuma shi ke raba gardama in aiki ya ɓaci.

A takardun hukuma za ku ga an kasa gidaje uku: banko, watau ginin ƙasa, samidur, ginin ƙasa da a ka shafe da siminti, da dur, ginin siminti zalla. Ma'anar dur "mai ƙarfi", sai ka ce namu ba shi da ƙarfi. Alhali hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, ta ƙasa ce, kuma a shekarar 2013 UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya. Masallacin Yama, a jihar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya fara a 1962, ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Amma mu faɗi gaskiya: ginin ƙasa yana son kulawa kowace shekara, ruwa kuwa ba ya jin magani. A watan Satumba na 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Birnin Damagaram. Wanda ya ga haka, ya duba indararonsa da gindin bangonsa tun kafin hadari ya haɗu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

NA BIYU: SUNAYEN DA SU KA ZO DA SIMINTI

Tun shekarun 1960 a ke yin siminti a Malbaza, amma sunayen aikinsa yawanci na Faransanci ne. Magini ya koma maso, wurin aiki ya koma shantiye. Ga waɗanda ya wajaba mai gida ya riƙe.

Debi shi ne lissafin kaya da na lada da a ke rubutawa kafin a fara aiki. Debin da ya ce "siminti da ƙarfe, kuɗi kaza" ba debi ba ne. Sai ya faɗi buhu nawa, sanda nawa, lamba nawa. Buhun siminti kilo 50 ne, buhu 20 ke yin tan guda.

Bulo, wanda mu ke ce wa birik, akwai na 15 akwai na 20. Lambar nan kaurinsa ce da santimita. Tsawonsa 40, tsayinsa 20. Bango mai mita guda a tsaye, mita guda a kwance, yana cin bulo 12 da rabi. To ku yi lissafi da ni kamar a aji. Katanga mai tsawon mita 20 da tsayin mita 2, mita murabba'i 40 ke nan, bulo 500. In an ƙara kaɗan don wanda zai fashe, babu laifi. In an rubuta maka 800, ka tambayi inda sauran za su. Ka kuma tambayi mai buga bulo nawa ya ke fitarwa a buhu guda, domin in sun yi yawa, rairayi ka saya da kuɗin siminti.

Beto shi ne siminti da rairayi da tsakuwa da ruwa. Awon haɗinsa shi a ke kira dozaji. Beton da zai ɗauki nauyi ana sa masa siminti kilo 350, watau buhu 7, a kowace mita mai fuska shida, watau mita kubik. Poto shi ne ginshiƙi. Linto shi ne abin da ke bisa ƙofa da taga. Shenaji ɗamara ce ta ƙarfe da beto da ke kewaye ginin, ƙasa da sama, don kada bango ya rabu da ɗan'uwansa. Dal shi ne rufin beto. Ƙarfe na 6, na 8, na 10, na 12, lambar kaurinsa ce da milimita, sanda kuwa mita 12 ce. A nan a ke yawan cuta, don da zarar an zuba beto ba mai sake ganin abin da ke ciki. Ranar zuba dal, ko kana da biki ka tsaya a shantiye.

Abu guda kuma: siminti ba bushewa ke ba shi ƙarfi ba, ruwa ne. A riƙa shayar da shi safe da maraice har mako guda ko fiye, kuma sai ya kwana 28 ya ke cika ƙarfinsa. A zafin bazararmu, wanda ya yi rowar ruwa zai biya da tsaga.

Kwangila iri biyu ce. Akwai ta hannu, kai ka sayi kaya, maso ya karɓi ladan aikinsa. Akwai ta mabuɗi a hannu, ɗan kwangila ya yi kome, ya miƙa maka gida. Ku faɗi wadda ku ka yi a gaban shaidu, a rubuta, tun ba a kafa igiya ba.

NA UKU: SUNAYEN TAKARDA

Nan ne gida ke tsira ko ya salwanta, don haka ku ƙara kasa kunne.

Kakanninmu sun san hanyoyin riƙon ƙasa: gado, saye, kyauta, aro, haya, jingina. Shaidarsu dattawa ne, da mai gari, da itacen da ke kan iyaka. Da Faransawa su ka zo sai su ka kawo wata kalma, wai "ƙasar da ba kowa, ba ta da mai ita". Dokarsu ta 1904 ta ce irin wannan ƙasa ta gwamnati ce. Ta 15 ga Nuwamba 1935 ta ƙara da cewa har wadda a ka bari fiye da shekara 10 ba a aikata ba. To, saurar da manomi ya bari ta huta fa? Makiyaya da burtali fa? A idon mai rubutu duk ba su da mai su. Sai a dokar 20 ga Mayu 1955 a ka amsa cewa haƙƙin gargajiya haƙƙi ne. Kun ga yadda kalma guda a takarda ta ke cinye gona.

Lotisma shi ne yanka gari: a auna ƙasa, a fitar da hanyoyi, a raba filaye. Mutanen Maradi sun san shi da daɗewa. A 1945 Gulbi ya cika ya ci tsohon gari da ke cikin kwari, a ka hau da mutane bisa tudu, a ka ja tituna miƙaƙƙu masu gitta juna. Gungun filayen da hanyoyi su ka kewaye shi ne ilo. Fili guda a cikin ilo shi ne parsel. Kowanne da lambarsa ko harafinsa. Parsel mai mita 20 a kan 20, mita murabba'i 400 ne. Mai 20 a kan 15, 300 ne. Eka ta Faransawa, watau hekta, 10,000 ce. Born shi ne turken siminti da mai awo ke kafawa a kusurwa, kuma tumɓuke shi laifi ne. A kowane lotisma akwai wuraren da a ka keɓe wa jama'a, na lakkol, na likita, na kasuwa, ana ce musu rezab. Wanda ya sayar maka da rezab, ko hanya, ko mabiyar ruwa, rigima ya sayar maka. Cikin shirin da a ke nuna wa mai saye, ruwa ba ya fitowa. Ka tafi da damina ka gani da idonka.

Takardu kuwa hawa-hawa su ke, kamar matakalar bene. Ta ƙasa ita ce takardar sayarwa tsakanin mutum biyu, irin ta kawuna. Tana shaida ka ba da kuɗi, ba ta shaida mai sayarwa ya mallaki abin da ya sayar. Ta bisa ita ce akta sesiyon, wadda meri, ofishin magajin gari, ke bayarwa a kan parsel mai lamba. Ka duba ko sunan da ke ciki shi ne na mai sayar maka, ka kuma je meri a juya ta zuwa sunanka. Ta ƙoli ita ce titir fonsiye, wadda a ke rubutawa cikin babban littafin filaye na gwamnati. Tushenta dokar 26 ga Yuli 1932, wadda ta ce in an kammala ta ba a sake tayar da ita. Ita ce banki ya fi yarda da ita. A 2006 a ka fito da hanya mai sauƙi ta samunta, a ka sa mata sunan Hausa, Sheda. Izinin gini kuma, watau permi, takarda ce dabam: mallakar fili ba ita ce izinin ɗora gini a kansa ba.

Masu gonaki, ku ma da taku. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta daidaita haƙƙin gargajiya da na rubuce, ta kafa kwamitocin ƙasa da a ke kira Kofo, tun daga ƙauye har sama. A nan a ke rubuta shaidar gado, da ta saye, da kyauta, da aro, da haya, da jingina. Ku lura da aro da jingina ƙwarai. Yau uba ya ara wa amininsa gona, gobe duka biyu sun kwanta dama, jibi ɗiyansu na gaban alƙali, wannan ya ce aro, wancan ya ce kyauta. In kuma gari ya iso gonarka, gwamnati na iya karɓa don amfanin jama'a, amma dokar 24 ga Nuwamba 1961 ta sa sharaɗin biyan diyya. Ka san kalmar, ka nemi haƙƙinka da ladabi.

ABIN DA NA KE ROƘON RASSA

A 2025 an rubuta cewa Hausa ce harshen ƙasa. Madalla. Amma takardun da ke cikin adakokinmu da Faransanci a ka rubuta su, kuma magana a takardar gwamnati ba ta karanta wa tsohuwa takardarta. Wannan aikinmu ne.

Na ɗaya, kowane reshe ya zaɓi mutum biyu masu karatu, su zauna ran kasuwa su karanta wa jama'a takarda kyauta, ba ko dala.

Na biyu, kada ɗan reshe ya ba da kuɗin fili sai ya ji amsar tambaya huɗu: Wane lotisma? Wane ilo? Wace parsel? Sunan wa ke bisa takarda? Sa'an nan ya tafi meri da ƙafarsa, ya ga born da idonsa.

Na uku, mu tuna da mata da marayu. Rabonsu na gado shi ya fi saurin ɓata, don ba a cika rubuta shi ba.

Na huɗu, samari su sami tsofaffin magina da littafi a hannu, su rubuta sunayen aikinsu. In tsoho ya tafi da kalmarsa, ya tafi da aikin duka. Ni ma na sa yaran ajina kowa ya kawo suna biyar daga gidansu, har wani ya kawo mini wanda ban taɓa ji ba.

Dattawa, in na yi kuskure a sunan wani abu, magina na nan zaune, su gyara mini. Mai takarda a aljihu kuma kada ya tafi, ina nan bakin rumfa har magariba. Allah ya ba kowa muhalli na halal, ya tsare mu da rigimar iyaka.