Dalar Yashi a Kan Teburin Malami



Farin abin nan mai faɗi da ake zagayawa da shi cikin faranti, wanda wasu suka zaci biskit ne, ƙwarangwal ne na dabbar teku. A Amurka ana kiranta dalar yashi, domin ta yi kama da tsohuwar dalar azurfa. Bahaushe ba zai yi gardama ba, tunda kakanninsa sun yi ciniki da dalar Mariya Tariza. 'Yan'uwan dabbar su ne bushiyar teku da tauraron teku, a rukunin da masana ke kira Echinodermata, kuma ba Amurka kaɗai ke da ita ba: a gaɓar Afirka ta Yamma, daga Senegal har Angola, akwai Heliophora, wadda gefenta ɗaya ya yi yatsu-yatsu kamar mataji.

Darasin dabbobi marasa ƙashin baya yakan ƙare a zanen allo, ɗalibi ya haddace ya manta. Busasshiyar dalar yashi kuwa ba ta wari, ba ta neman firji ko sinadarin ajiya, za ta shekara goma a aljihun tebur ko da makarantar na nesa da teku.

A fara da bayanta. Zanen furen nan mai kunne biyar da ke kansa ba ado ba ne. Layukan ƙananan huji ne, inda 'yan ƙafafu masu siffar bututu ke leƙowa su yi numfashi. A tsakiyar furen akwai ɗan faifai kamar rariya, ƙofar magudanan ruwan da ke motsa ƙafafun. In aka kife ta, ga baki a tsakiya, ga 'yan kwaruruka suna gangaro masa da abinci. Sai malami ya ce a nemo dubura, a nan ake yin gumi. Ta bushiyar teku tana can bisa ƙoƙuwa, ta wannan kuwa ta zame ta koma gefe, alamar cewa dabbar da aka gina kashi biyar ta samu gaba da baya saboda kutsawa cikin yashi. A girgiza ta kusa da kunne, za a ji kacau-kacau: muƙamuƙai biyar ne suka saki a ciki, waɗanda ake kira fitilar Aristotle, don tunawa da Bagirken da ya bayyana bushiyar teku fiye da shekara 2,300 da suka wuce. Ɗigon ruwan khal a kan gutsure ɗaya zai tayar da kumfa, don sinadarinsa ɗaya da na ɓawon ƙwai.

Amma ƙwarangwal yana da ƙaryarsa, malamin da bai tona ta ba ya yi rabin aiki. Mai rai ba fara ba ce, ruwan ƙasa ce ko shunayya, lulluɓe da 'yan ƙayoyi masu motsi kamar karammiski. Rana ce ke mayar da ita fara bayan mutuwa. Haka nan ɓawo ba zai nuna dabarunta ba. A 1973 Fu-Shiang Chia ya ruwaito cewa 'ya'yan Dendraster excentricus, ta gaɓar Amurka ta yamma, suna haɗiye yashi mai nauyin ƙarfe don kada igiyar ruwa ta kwashe su. A 2008 kuma Dawn Vaughn da Richard Strathmann na Jami'ar Washington suka gano cewa tsutsarta, in ta ji yauƙin kifi a ruwa, takan raba kanta biyu, ta ƙanƙance.

Matacciya kawai ake tsinta. Mai ƙaya a jiki a mayar da ita ruwa. A ɗauraye matacciyar, a ɗan tsoma cikin bilic mai ruwa-ruwa, a shanya, sannan a shafa farin gam da aka sirka da ruwa. A bar guda ɗaya babu gam, wadda za a fasa a gaban aji a ƙirga muƙamuƙan.