Jawabin Sakataren Ƙungiya a Taron Makiyaya na Njamena: Uba da Ɗa a Tabarma Guda



'Yan'uwa, ni firamare kaɗai na yi, amma na ga abin da rashin karatu ya yi wa mahaifina. Shanunmu sun taɓa shiga gonar wani, aka kawo takarda da Faransanci, ya dangwala yatsa. Ashe bijimai biyu ya amince zai biya, alhali ɓarnar ba ta kai ɗan maraƙi ba.

Yau ma haka ne. Wanda ya sayi shanu a Massaguet ko Dourbali, ya haye gadar Ngueli zuwa Kuseri, ya nufi Gamboru da Maiduguri, takardu nawa ke hannunsa? Rasit, shaidar allura, takardar fita. Da Faransanci da Larabci hukuma ke aiki a Chadi. Wanda bai iya ko guda ba, sai abin da aka ce masa. Ko kwalbar maganin sammore, mutum nawa ne cikinmu ke gane ranar lalacewarsa?

Na san tsoronku: a kai yaro makaranta a gari, ya dawo yana ƙyamar ruga. Shi ya sa muke cewa a yi karatun a mashekari, uba da uwa da 'ya'ya a tabarma guda, bayan an tatsi nono da yamma. Yaro ya fi saurin kama baƙi, uba ya fi sanin lissafin garke. Kowa ya ƙaru da wani, kuma ba wanda zai raina wani.

Mun ga irin wannan. A shekarar 2000 aka fara haɗa rigakafin dabbobi da na yara da mata a rana guda a Chari-Baguirmi da Kanem, jama'a kuwa suka fito. Nijeriya ta kafa hukumar ilimin makiyaya tun 1989, malamai na bin ruga.

Roƙonmu uku ne. Kowane ardo ya ba da rumfa da fitila. Fatake su taimaka da kuɗin malami da alli. Magidanta kuma ku bar mata su zauna, don su ke cinikin nono da man shanu, su ke riƙe katin asibitin yara.

Kada furfura ta sa ka ji kunyar zama kusa da ɗanka. Kunya tana wurin dangwala abin da ba ka sani ba.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Wassalam.