Ilimin Ƙwaƙwalwa Bai Cika Ba Sai Ya Isa Ga Majinyaci



Abin da cutar mantuwa ta Alzaima ke yi wa tsofaffi duk mun sani, ba sai na tsaya a kansa ba. Saɓanina da wasu malamai abokan aikina daɗaɗɗe ne: a wurinsu, duk masanin ƙwaƙwalwar da ya taka daga ɗakin bincike na jami'a zuwa harkar haɗa magunguna ya yi ridda daga ilimi, ya sayar da alƙalaminsa ga 'yan kasuwa. Ina ganin wannan hukunci zalunci ne, kuma hujjata ita ce Farfesa Lars Lannfelt na ƙasar Suwidin.

Wannan likita, bayan ya daɗe yana bin tarihin iyalan da mantuwa ke kama su tun kafin tsufa, ya tarar da wani sauyi na gado a cikin wani dangi a arewacin ƙasarsu, wanda ya nuna masa cewa ƙananan curin furotin amiloid masu yawo a ƙwaƙwalwa, tun ba su daskare ba, suna da babban hannu a ɓarnar. Aka buga sakamakon a 2001. Da ya tsaya nan, da ya sami yabo da ƙarin girma, majinyaci kuwa ya tashi a tutar babu. Sai a 2003, yana farfesa a Jami'ar Uppsala, shi da abokinsa suka kafa kamfanin BioArctic, daga baya suka haɗa gwiwa da kamfanin Eisai na Japan, har aka samar da maganin lecanemab.

To, ku dubi alƙaluman, domin a nan gardama take ƙarewa. An yi gwajin da mutum 1,795 masu farkon cutar, ana yi musu ƙari ta jijiya duk mako biyu, tsawon wata 18, aka ga saurin lalacewar hankalin waɗanda aka ba maganin ya ragu da kashi 27 cikin ɗari bisa na waɗanda ba a ba su ba. A Yulin 2023 hukumar magunguna ta Amurka ta ba shi cikakken izini. Mutum 1,795, jama'a! Wane sashen jami'a ne, komai albarkar malamansa, yake da dukiyar da za ta ɗauki nauyin gwaji irin wannan? Shekara 22 ke tsakanin maƙala da magani, kuma kamfani ne ya ɗauki ɗawainiyar mafi yawansu.

Masu suka za su ce maganin yana da tsada, yana kumbura ƙwaƙwalwar wasu, kuma ba ya warkarwa. Haka ne, amma laifin tsada a wuyan masu sa farashi yake, sauran kuwa ƙarin bincike ne zai gyara.

Shawarata, wadda na daɗe ina nanatawa, ita ce kwamitocin ƙarin girma su daina ƙirga maƙaloli kaɗai, su lissafa haƙƙin ƙirƙira da gwajin asibiti; a kuma ba malami izinin shekara biyu ko uku ya yi aiki a masana'anta ba tare da ya rasa kujerarsa ba. Malamanmu na da sun roƙi Allah ilimi mai amfani, kuma amfanin ilimin ƙwaƙwalwa a jikin marar lafiya ake auna shi.