ZAFIN BAƘIN MAI BAYAN AN GYARA INJI

Jawabi ga direbobi, manoman rani da masu injin niƙa

 

Jawabin yau a kan inji ne. Ya shafi direban akori-kura mai bin hanyar Kano zuwa Daura ta Kazaure. Ya shafi ɗan acaɓa a Babura. Ya shafi manomin rani mai jan ruwa a gefen madatsar ruwa ta Kazaure, da mai injin niƙa a ƙauyukan Roni da Gwiwa. Dukkansu da inji suke neman abinci.

Idan inji ya tsufa yakan fara hayaƙi. Yakan sha baƙin mai, ƙarfinsa ya ragu. Sai a kai shi wajen bakanike. A sauke shi, a warware, a sa sababbin ringi da fistin da metal, sannan a ɗaure. Wannan aiki yana cin kuɗi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, komai ya ƙara tsada, har da kayan gyara da ake sayowa a Ƙofar Ruwa a Kano. Wani sai ya sayar da rago. Wani sai ya ci bashi.

To, bayan duk wannan wahala, sai mako bai cika ba inji ya fara zafi. Mai shi ya ƙi kula, ya ci gaba da aiki. Ƙarshe inji ya buga. Kuɗi sun tafi, aiki ya tsaya. Idan injin ban ruwa ne kuma tumatir yana fure, kwana kaɗan ba ruwa ya isa ya karya manomi. Yawancin wannan asara ana iya kauce mata.

AIKIN BAƘIN MAI

Mutane da yawa sun ɗauka aikin baƙin mai ɗaya ne, wato santsi. Aikinsa ya fi haka. Yana shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe don kada su gogi juna. Yana wanke dauɗa. Yana kuma kwashe zafi daga can cikin inji, inda ruwa da iska ba sa kaiwa.

A mota akwai ruwan lagireto mai sanyaya inji. Amma allurar da direba yake gani a gabansa zafin ruwa take nunawa, ba zafin mai ba. Ruwa yana iya zama daidai alhali mai yana ƙuna. Motocin tsere na Turai da Amurka, waɗanda ake ƙara wa injinsu ƙarfi, ana sa musu allura ta musamman don zafin mai, da ɗan lagireto na mai shi kaɗai. Masu su sun san zafin mai ne ke fara kashe inji mai aikin ƙarfi. Dattawa za su tuna da Volkswagen ƙirar kunkuru, wadda aka fara harhaɗawa a Legas a 1975. Ba ta da ruwa ko kaɗan. Iska da mai ne suke sanyaya ta.

Haka babur yake. Haka ƙaramin injin ban ruwa da ƙaramin janareta suke. Ba su da lagireto. Iska da baƙin mai kaɗai ne gatansu. Man nan kuwa ba shi da yawa. Injin ban ruwa da aka fi gani a fadama, abin da cikinsa ke ci bai wuce rabin lita da ɗan ɗori ba. Babur kuwa kamar lita ɗaya.

Ruwa yana tafasa a digiri 100. Man injin mota mai lafiya yakan tsaya tsakanin digiri 90 zuwa 110. Idan ya haura 120 ya daɗe a haka, yana saurin lalacewa. Masana mai sun ce duk ƙarin digiri 10 yana ninka saurin lalacewarsa. Idan ya doshi 150, ya tsinke kamar ruwa, ba ya iya raba ƙarfe da ƙarfe. A nan ne metal yake narkewa.

ME YA SA SABON GYARA YAKE ZAFI?

Sababbin ringi ba su saba da bangon silinda ba. Suna da kaushi. Sai sun goga juna na ɗan lokaci kafin su zauna, kamar sabon takalmi a ƙafa. Wannan guga tana kawo zafi. Saboda haka ɗan ƙarin zafi a kwanakin farko ba abin tsoro ba ne. Alamarsa ita ce yana tsayawa wuri ɗaya, kuma kullum raguwa yake yi.

Zafin da ake tsoro shi ne wanda yake ƙaruwa. Ga alamunsa:

1. Inji yana warin ƙonannen mai.
2. Ƙarfinsa yana raguwa bayan ya yi aikin rabin awa.
3. Jar fitilar mai tana ƙyaftawa idan inji ya yi zafi yana tafiya a hankali.
4. Ana jin ƙwanƙwasa daga ƙasan inji.
5. Sabon mai ya tsinke, yana ƙauri, ko ana ganin ɓarɓashin ƙarfe yana ƙyalli a cikinsa.
6. Mai ya koma kalar shayi mai madara. Wannan ruwa ne ya shiga cikinsa.

Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, ya tsayar da aiki. Ya koma wajen wanda ya yi gyaran tun abin yana ƙarami.

INDA MATSALAR TAKE FITOWA

Ta farko ita ce matsi. Tsakanin metal da kiranshaf akwai ɗan fili da mai yake bi. Filin nan bai fi kaurin gashin kai ba. Idan an kai kiranshaf an yanke shi, dole a sayo metal daidai da lambar yankan. Idan lamba ta saɓa, ko aka ɗaure noti fiye da ƙima, mai ba zai samu hanya ba. Bakanike nagari yakan juya kiranshaf da hannu kafin ya rufe inji. Idan ya ji tauri, ba ya ci gaba. Haka ma ringi. Ana barin ɗan tsagi a bakinsa, domin ƙarfe yana kumbura idan ya ji zafi.

Ta biyu ita ce dauɗa. Bayan yanka da guga, garin ƙarfe yakan maƙale a hanyoyin mai. Sai an wanke su tas an busa musu iska. Idan an haɗa inji a ƙasa, a fili, lokacin hunturu da ƙura take tashi, yashi zai shiga. Gam ɗin gasket ma idan an lafta shi da yawa, yakan gutsure ya toshe rariyar famfon mai.

Ta uku ita ce tsohon kaya da aka mayar. Ana sa sabon fistin, amma a bar tsohon famfon mai da ya gaji. Ana barin lagireton da ruwan rijiya ya toshe da farin gishiri. Ana barin fambel da ya saki. Tsohon inji mai rauni yana iya lallaɓawa da su. Sabon gyara ba zai iya ba. Wasu kuma da sun ga zafi sai su cire ɗan ƙarfen nan da ake kira tamostat su yar. Wannan ba ya warkar da komai, ɓoye ciwon kawai yake yi.

Ta huɗu ita ce saiti. Idan lokacin wuta bai daidaita ba, inji zai yi zafi. Idan an matse kafireta ƙwarai don tsimin fetur, iska ta fi mai yawa, nan ma zafi ne. Abin da aka tsimi a fetur zai fita a gareji.

Ta biyar ta shafi ƙananan injina. Murfin gwangwani da ke rufe fanka ba ado ba ne. Shi ke tura iska kan silinda. Idan an bar shi a gareji ba a mayar ba, inji zai ƙone. Haƙarƙarin silinda kuma, idan taɓon fadama ko dusar niƙa ta cika shi, iska ba ta wucewa.

Ta shida ita ce man kansa. Idan ya yi kaɗan, zai yi saurin zafi. Idan ya yi yawa, kiranshaf zai riƙa kaɗa shi yana kumfa, kumfa kuwa ba ta riƙe ƙarfe. A duba sandar awo, mai ya tsaya tsakanin layi biyu. Wasu suna cewa mai mai kauri sosai shi ne maganin zafi. Ba haka ba ne. A sabon gyara, mai da ya cika kauri yana wahalar ratsa matsattsen fili. A sa lambar da masu injin suka rubuta. Lambar tana jikin galan, kamar SAE 40 ko 20W-50. A guji man kwalba na bakin titi da ba a san asalinsa ba. Hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, wato SON, ta sha kama jabun baƙin mai a kasuwanni. Araha ba ta ado.

YADDA AKE LALLAƁA SABON GYARA

Direba ya ba mota kilomita 1,000 na haƙuri. Daga Kano zuwa Kazaure kimanin kilomita 80 ne, wato zuwa da dawowa sau shida ke nan. A wannan lokaci kada ya yi lodin da ya saba yi ranar kasuwa. Kada ya yi gudu. Kada kuma ya bar mota tana nishi a babban giya, musamman a hawan duwatsun Roni ko cikin yashin hanyoyin Babura. Ya sauko da giya. Barin inji yana aiki a tsaye na awoyi ba shi ne lallaɓawa ba. Ringi sun fi zama idan ana tafiya, ana ɗan ƙarawa ana ragewa. Kafin kilomita 1,000 su cika, a yi juye, a canza filta. Ɗan acaɓa ma haka: kada ya ɗauki mutum biyu da buhu a makon farko.

Mai injin ban ruwa ya yi juyen farko bayan awa 20 na aiki. Idan awa biyar yake yi a rana, kwana huɗu ke nan. Daga nan sai duk bayan awa 100, ko ƙasa da haka idan ƙura ta yi yawa. Ya ajiye inji a wuri mai daidai, domin idan ya karkace mai yakan taru gefe ɗaya. Ya yi masa rumfa, amma kada ya lulluɓe shi da buhu. Daga Maris zuwa Mayu zafin rana a wannan yanki yakan wuce digiri 40. Ban ruwan safe da na yamma ya fi wa inji, ya fi wa shuka.

Yana da kyau mai inji ya sami ɗan littafi. Ya rubuta ranar gyara, kayan da aka sa, lambar mai, da awoyin aiki. Idan gardama ta taso tsakaninsa da bakanike, littafin ne shaida.

IDAN ZAFI YA TASHI ANA CIKIN AIKI

A rage gudu, a sauka gefen hanya. Idan jar fitilar mai ta kama ta zauna, a kashe inji nan take. Kada a watsa masa ruwan sanyi, domin kan silinda yana iya tsagewa. Kada a buɗe murfin lagireto sai ya huce, tururinsa yana ƙona fuska. Bayan ya huce a duba mai, a duba ruwa, a duba fambel. Idan ba a gano dalili ba, gara a biya kuɗin janwe da a sake biyan kuɗin sauke inji.

Tsohon man da aka juye kuma kada a zuba shi a fadama ko kusa da rijiya. Kada a shafa shi a ciwon mutum ko na dabba. Yana ɗauke da guba.

Jama'a, gyaran inji aikin mutum biyu ne. Bakanike ya auna, ya wanke, ya ɗaure daidai. Mai inji kuma ya yi haƙuri, ya sa mai nagari, ya yi juye a kan lokaci. Wanda ya ji wannan jawabi ya isar wa maƙwabcinsa da bai samu ji ba.

Allah ya ba da sa'a, ya tsare mu daga asara. Wassalam.