Marurun Da Ke Komowa: Wa Yake Kamawa, Da Me Yake Tafe?

Shugaban taro, malamaina, iyayenmu mata, ma'aikatan lafiya da ɗalibai da kuka taso daga Gusau da Tsafe da Bungudu, sannunku da zuwa.

Kowa a nan ya san maruru: ya nuna, ya fashe, ya warke. To akwai wani da ba ya tafiya. Yakan fito a hammata, ko matsematsi, ko ƙarƙashin nono, ko tsakanin ɗuwawu, duk inda fata ke gugar fata. Ya zubar da mugunya mai wari, ya lafa, bayan 'yan makonni ya dawo wurin nan dai. In ya daɗe sai ramuka su haɗe ta ƙarƙashin fata, tabo ya yi kauri har ɗaga hannu ya gagara. Likitoci na ce masa hidiradenaitis. Velpeau, likitan Faransa, shi ya fara bayyana shi a 1839, wani likita mai suna Verneuil kuma ya danganta shi da mafitar zufa a 1854. Yanzu an gane ramin gashi ne ke toshewa, garkuwar jiki ta yi ta hura kumburi a wurin. Ba ƙazanta ke kawo shi ba, ba a ɗaukarsa a jikin wani, ba kuma ciwon sanyi ba ne. Don Allah ku riƙa faɗa wa majinyaci haka da bakinku, domin ƙurjin matsematsi kan jawo zargi tsakanin miji da mata.

Wa yake kamawa? Yawanci yakan fara ne bayan balaga, kafin shekara 30. A Turai da Amurka ana samun mata kusan 3 a kan namiji 1, amma a Koriya ta Kudu da Jafan maza sun fi yawa, don haka kada a ce ciwon mata ne kawai. A Amurka baƙaƙen fata sun ninka fararen fata kusan sau 3, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa mu buɗe ido. Kusan kashi ɗaya cikin uku na masu shi suna da mai irinsa a dangi. Shan taba da ƙiba su ne manyan abokan tafiyarsa, ko da yake siririyar yarinyar da ba ta taɓa shan taba ba ita ma yana kama ta. Zufa da matsattsun kaya suna tayar da shi, kun kuwa san bazararmu.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ke bayan ƙurjin. Masu wannan ciwo sun fi sauran jama'a kamuwa da ciwon suga, da hawan jini, da yawan kitse a jini, da ciwon zuciya. Matar da ta zo da shi, a tambaye ta al'adarta. In tana rikicewa, ga gashi a haɓa, ga jinkirin haihuwa, a duba ƙwan mahaifarta, domin matsalar ƙwan mahaifa mai waɗannan alamu tana yawan haɗuwa da shi. In da gudawa mai daɗewa, ko jini a bayan gida, ko yoyo a dubura, kada a yi saurin cewa basir ne, ciwon kumburin hanji na Crohn ma haka yake zuwa. Akwai ciwon gaɓoɓi da na ƙugu, akwai ƙarancin jini. Gyambon ɗuwawu da ya yi shekara da shekaru kuwa yana iya rikiɗa ya zama ciwon daji na fata, musamman ga maza.

Sai ciwon rai, wanda ba mu cika tambaya ba. Saurayi ya daina shiga sahun jam'i don tsoron a ji wari. Budurwa ta ƙi zuwa biki, ta ƙi zancen aure. Damuwa mai tsanani sananniya ce a cikinsu, har wasu kan yi tunanin halaka kansu. Kunya ce ke sa a fara da wanzami ya yi sakiya, a koma kemis a sha kafso, sannan a ce sammu ne. Binciken ƙasa da ƙasa ya nuna akan shafe kusan shekara 7 kafin a gane ciwon.

Ku ɗaliban Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Tsafe, ku ne za ku fara ganin waɗannan mutane a ƙauyuka. Tambaya uku sun ishe ku: a ina yake fitowa, yaya kamarsa, sau nawa ya dawo cikin wata 6? In ya kai sau 2, ku yi zarginsa. Ku auna suga da jini da nauyi tun a ranar, saboda a halin da hanyoyinmu ke ciki, wanda ya taso daga Kwatarkwashi ko 'Yankara ba lalle ne ya sake dawowa ba. Wanda ramuka suka haɗe masa, a tura shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Yariman Bakura a Gusau, in ana neman likitan fata a wuce asibitin koyarwa na Sakkwato ko na Shika. Tsaga ƙurjin kawai sauƙi ne na ɗan lokaci, yana dawowa.

Ku kula kuma, tarin fuka na kaluluwa ma yana fashewa a hammata da matsematsi. Rifamfisin yana cikin magungunan hidiradenaitis, to kada a bayar da shi sai an tabbatar babu tarin fuka, don kar ƙwayar ta bijire wa magani. Doksisaikilin kuwa, wanda shi ma ake bayarwa, ba a bai wa mai ciki.

Shugaba, ina sauraren tambayoyi.