Jawabi a kan algushu cikin cinikin waya da kayan lantarki

  

 Ku sani tun da wayar salula ta shigo ƙasarmu cikin shekarar 2001 muka sami wani irin kaya wanda ido ba ya gane aibinsa. Mai sayen doki yakan duba haƙori, ya hau ya sukwane shi. Waya kuwa a cikin kwali take, an liƙe ta da leda, leda kuwa ba shaida ba ce. Akan ɗauki tsohuwa a sake mata fuska da murfi, a liƙe, a ce sabuwa. Kaya yakan taso daga Ikko, ya biyo kasuwar Farm Centre ta Kano, kana ya iso mana nan Katsina. Hannu nawa ya bi? Sau da yawa mai shagon ma an cuce shi ne tun daga can.

To, ga mas'alar da nake so ku riƙe. A mazhabar Imamu Malik ciniki yana ƙulluwa da an ce na sayar, na saya, ko da ba a tashi daga wurin ba. Ba ka da ikon warwarewa sai ta hanya biyu: ko ka sharɗanta zaɓi tun farko, ko ka tarar da aibi wanda ya riga cinikin. Shehu Halilu cikin Muhtasar ya ƙaddara kamar wata guda ga gida, kwana 3 ga dabba da tufa. Ni a ganina waya da batirin sola su ma a yanka musu kwana 3 ɗin nan, gama batiri ba ya faɗin gaskiyarsa sai ya kwana.

Hanyar aibi ita ce mai wuya. Ka koma da waya, mai shago ya ce kai ka yar da ita, ko ruwa ya shige ta. Wa zai raba ku? Na ga wani magidanci ya sayar da tunkiyarsa ya sayi waya, kwana biyu ta mutu, ba takarda, ba shaida, har aka kai ga rantsuwa. Saboda haka sharaɗin nan a yi shi kafin kuɗi su bar hannu, a rubuta shi cikin rasit, da sunan shago da kwanan wata, a gaban mutum guda ko biyu.

Kowace waya tana da lamba tata, kamar zanen fuska ga mutum, ana ce mata IMEI. Ka buga *#06# za ta fito, alƙaluma 15. Ka gwada ta da wadda ke jikin kwali, in sun saɓa, ajiye. In sun dace, a rubuta ta cikin rasit. Wannan ya fi wajaba ga mai sayen ta hannu, domin da lambar nan 'yan sanda kan bi sawun wayar sata, wanda aka same ta gare shi kuwa shi ake fara kamawa.

In ka gwada waya ta gamshe ka, kada ta sake barin hannunka. "Kawo in sa maka a kwali," nan ne ake musanya. Katin memori kuma a cika shi da kaya a gani, akwai mai rubutun 64 wanda ba ya ɗaukar 8. Batirin ajiyar caji, wanda samari ke ce wa fawa-banki, kada nauyinsa ya ruɗe ka, an sha fasa wani a tarar da yashi.

Ku kuma 'yan'uwana masu shaguna, allon da kuke ratayawa cewa ba a mai da kaya ba ya kuɓutar da wanda ya san aibi ya ɓoye. Dokar gwamnati ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ita ma ta ba mai saye ikon mai da kaya mai aibi.

Wanda ke da rasit a hannu yana son a duba masa, ya same ni a zaure bayan la'asar.